Haƙora Tara Daga Kufai

Duk shekara idan aka turo mana sababbin ɗalibai, ba a cika mako sai na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa, "Ashe aikin ke nan? A ɗiga ruwa a kwalba, a sa a na'ura, a zauna a jira." Na'urar kam haka take, jikata da ke aji uku ma za ta iya danna ta. Amma tun da bana an ce ni zan shigar da ku ɗakin ciki, gara ku gyara zama ku ji yadda na iso nan da abin da ya taɓa samuna a ɗakin, kafin kowa ya zura hannu a safa.

Sunana Haliru. A Ƙofar Kware aka haife ni, gidan dukawa. Mahaifina jaka da kube da takalma yake ɗinkawa, kuma abin da na gada a wurinsa shi ne hannu marar rawa da iya zama wuri ɗaya. Da na gama sakandare ban sami gurbin ci gaba ba, sai kawuna ya kai ni ɗakin gwaji na wani asibiti a nan cikin gari, ya damƙa ni ga Malam Sambo. Dogon mutum ne siriri, daga Gawon Nama yake zuwa a kan keke, hularsa ba ta taɓa karkacewa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini famfo da burushi da tulin kwalabe.

Wata shida ban taɓa jinin kowa ba. In wanke, in ɗauraye sau uku, in kife, in jera. Idan ya ɗaga kwalba ɗaya ga hasken taga ya ga ɗigon ruwa ya maƙale a jikinta, ba ya faɗa, tiren gaba ɗaya zai turo mini in sake. Ranar da ya yarda in fara aikin gaske, da safe ya ce in sa safa in miƙo hannuwa. Ya barbaɗa mini garin shuni, irin na marina, a tafi biyu.

"Tahi ka yi aikinka awa kullum," in ji shi. "Amma kak ka taɓa komi in ba dole."

Na yi ta kaffa-kaffa har azahar, ina ganin na burge. Sai ya kama ni muka zaga ɗakin. Ga shuni a mariƙin ƙofa, ga shi a kan famfo, a biro, a gefen littafin rajista, a bakin aljihuna. Ya miƙo mini madubi. Ga shi a karan hancina, ga shi a bayan kunne, wurin da zan iya rantsuwa ban kai hannu ba.

"Wanga shuni na, ido na ganinai," ya ce. "Abin da za ka aiki da shi ba shi da launi. To ƙaƙa za ka yi?"

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa, a tsakani na je makarantar koyon aikin lab na dawo, amma duk abin da na karanta a can bayanin abin da ya riga ya nuna mini ne.

Masu kawo aiki kuwa na ga iri-iri. Akwai likita mai son sakamako kafin jini ya bushe a kan gilashi. Akwai tsohuwa da ta kawo mini ƙwai biyar don na gano zazzaɓin da ke damun jikanta, kamar ni na warkar da shi. Mafi wuyar sha'ani shi ne wanda ya taho da amsarsa daga gida. Wani attajirin hatsi ya kawo ɗansa gwajin jini kafin aure, sakamakon bai yi masa daɗi ba, sau uku yana dawowa yana cewa a sake dubawa da kyau. Sau uku muka duba, sau uku jinin ya faɗi abu ɗaya. Ya daina gaishe ni a masallaci har shekara biyu.

Wadda ta raba ni da jinin masu rai ita ce Dakta Luba. Lokacin Malam Sambo ya yi ritaya, ni kuma na dawo wannan cibiya ta bincike. Malamar tarihi ce, 'yar gidan malamai, ta tashi cikin tsofaffin kundaye na kakanninta, tana karanta rubutun hannu kamar yadda kuke karanta saƙon waya. Wata safiya ta shigo ta zauna a kujerar masu jiran sakamako.

"Malam Haliru, ka san ɗa'un?"

Na ce na karanta shi a makaranta. Cuta ce da ƙuma ke ɗaukowa daga jikin kusu ta sa wa mutum, kaluluwa ta fito masa a hammata ko matsematsi, zazzaɓi ya rufe shi, cikin 'yan kwanaki a yi jana'iza. Amma ban taɓa ganin mai ita ba.

Ta ce ɗaruruwan shekaru da suka wuce wannan annoba ta share garuruwa a Masar da ƙasashen Magrib, malamansu sun rubuta. A lokacin ayarinmu suna zuwa can suna dawowa da gishiri da takarda da tufafi. A nan kuma muna da kufai, manyan garuruwa da mutanensu suka watse kamar a lokaci ɗaya, ba wanda ya rubuta dalili.

"So nake in san ko ta ƙetaro hamada," in ji ta. "Kundaye sun yi shiru. An ce haƙori yana magana."

Ita ta fara yi mini bayanin da ni zan yi muku yanzu. Idan ɗa'un ya kashe mutum, ƙwayar cutar tana cikin jininsa, jini kuma yana shiga har cikin haƙori. Nama ya ruɓe, ƙashi ya rududduge, amma haƙori akwati ne mai ƙarfi. Bayan shekaru ɗaruruwa ana iya samun guntayen DNA na ƙwayar, wato rubutun halittarta, a maƙale a ciki. A ƙasashe masu sanyi an sha samu. Na ce to ko an samu, ta yaya za a san daga ina ta zo?

"Kamar kwafin littafi ne. Idan mai kwafa ya yi kuskuren harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren ya tafi da shi. Da haka nake gane wannan kundi ta Agadas ya biyo, wancan ta Barno. Ƙwayar cuta ma kwafar kanta take yi, tana kuskure. Idan muka sami tamu muka gwama ta da ta Masar da ta sauran wurare, kurakuran za su nuna mana hanyar da ta biyo."

Haka aka tura ni wata ƙasa mai sanyi na yi wata huɗu a wani lab da suka ƙware a wannan aiki, su ne kuma abokan binciken Dakta Luba. Na dawo muka gina abin da kuke gani. Ɗaki biyu ne, tsakar gida a tsakaninsu, kuma ba don ado aka raba su ba. A ɗakin ciki ake yanka haƙori a tace abin da ke cikinsa. A ɗakin na'ura ake hayayyafa abin da aka tace, guntu ɗaya ya zama kamar yashin gulbi don na'ura ta iya ganinsa. Wannan yawan shi ne haɗarin. Yana tashi a iska, yana kama riga, yana kama gashi. A wancan lokacin kuma a ɗakin na'urar muke ajiye abin da muke kira ɗan gwaji, wato guntun DNA na ɗa'un da aka ƙera a masana'anta. Ba ya sa cuta, amfaninsa mu tabbatar na'ura tana gani. Don haka doka ita ce, ɗakin ciki daga gida ake shigarsa, da wanka da wankakkun kaya. Wanda ya taka ɗakin na'ura, shi da ɗakin ciki sai gobe.

Kayan aikin ba su da yawa. Riga mai rufe mutum daga kai har ƙafa, takunkumi, safa biyu a kowane hannu, bilic, fitila mai shuɗin haske da ke lalata duk DNA da ya faɗa kan tebur, ɗan zarto siriri, da na'urar huda irin ta likitan haƙori. Sai kuma wadda ta fi su duka, kwalbar shaida. A kowane zagaye na aiki ana sa kwalba ɗaya da ba komai a cikinta sai ruwa da magunguna, ta bi duk hanyar da sauran suka bi. Idan aka kai na'ura dole ta fito fayau. Idan ta kama, to wani abu ya shigo daga waje, kuma duk abin da sauran kwalabe suka faɗa ba abin yarda ba ne.

Damina ce ta kawo mana haƙoran. A wani ƙauye na bakin gulbi, tafiyar rabin yini daga nan, ruwa ya yanka kwazazzabo a cikin wani tsohon kufai, ya tono ƙasusuwan mutane da yawa a rami ɗaya, manya da yara, wani a kan wani, ba tsari. Ba a binne mutane haka sai mutuwa ta fi ƙarfin masu haƙa. Dakta Luba ta samo takardar izini daga hukumar da ke kula da kayan tarihi, amma da muka isa muka tarar takarda ba ta buɗe komai. Maganar tana hannun limamin garin, Liman Gidado, tsoho mai ƙaramin jiki da kaifin ido, wanda ya riga ya sa mutanensa sun fara kwashe ƙasusuwan don a sake binne su a kan tudu.

"Ɗiyata," ya ce wa Dakta Luba, "waɗanga mutane ba mu san sunansu ba, ba mu san addininsu ba. Amma 'yan Adam na, kuma maƙwabtanmu na. Ƙashin mamaci shina da alhwarma awa ta mai rai. Mi za ku yi da su?"

Sau uku muna zuwa. A zuwa na biyu ya tara malaman garin, Dakta Luba ta zauna bayan labule tana amsa musu tambaya da nassi, ni kuma ina bayanin zarto. A na uku ya yanke hukunci. Ba za mu haƙa ko'ina ba. Ba za mu cire haƙori daga muƙamuƙi ba, sai wanda ya riga ya faɗo da kansa. Kuma duk abin da muka ɗauka za mu maido kafin wata damina.

"Ko gari na, ku maido," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Kai na mai yankan?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"To kai nika riƙewa, ba takarda ba."

Kwana biyu muna tankaɗe yashi a gindin kwazazzabon. Muka sami haƙora tara masu kyau, waɗanda ba su tsage ba.

Na farko da na yanka turmi ne, wato haƙorin tauna na can ciki, na babban mutum. Samansa ya goge ya yi sumul, alamar mai shi ya daɗe yana tauna hatsi mai tsakuwa. Na ɗauki hotonsa ta kowane gefe, na auna nauyinsa, na goge shi da bilic, na sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila na juya. Sa'an nan na ɗaure shi na kafa zarto daidai inda kai ya haɗu da saiwa. A nan ne hannun dukanci ya yi mini rana. Idan ka yi sauri zarto zai yi zafi ya dafa abin da kake nema, don haka sai ka ɗan ja, ka tsaya, ka ja, ka tsaya. Da ya rabu biyu sai ga ɗan kogo da bai fi ƙwayar dawa ba. Bangon wannan kogo ake kankarewa a hankali, a sami gari kamar abin da kan farce zai ɗauka. A zuba masa magani ya kwana yana narkewa, washegari a tace, a sake tacewa. Ƙarshenta abin da za ka samu ɗigon ruwa ne fari tas, wanda ba ka da hanyar sanin ko akwai wani abu a cikinsa.

Ba na yanka fiye da haƙori ɗaya a yini. A cikin rigar nan gumi yana gangarowa ya taru a takalmi, hanci ya yi ƙaiƙayi ba damar susa, ba magana, ba tari. Ɗigon guminka ɗaya ya fi duk abin da ya rage a haƙorin nan yawan DNA. Ku da kuka ce a ɗiga ruwa a zauna, wannan ne ɗigawar.

Kafin sanyi ya wuce na gama duka tara. Ruwan da na tace da ragowar garin na jera su a ƙaramar firizar ɗakin ciki, muna jiran magungunan na'ura da suka makale a hanya. Ba su iso ba sai tsakiyar bazara.

Wata Laraba da tsakar rana ina ɗakin na'ura, na gama aiki da ɗan gwaji don in ga ko sababbin magungunan suna da kyau, sai wuta ta ɗauke. Ba sabon abu ba ne. Na kasa kunne, janareto ya yi tari biyu ya mutu. Mai gyara ya duba ya ce wani ƙarfe ne ya karye, sai an nemo a kasuwa, ko la'asar ko gobe. Zafin ranar kuwa irin wanda kwalta ke kama takalmi ne. Abokiyar aikina da za ta iya shiga ɗakin ciki tana hutun haihuwa. Na aika direba ya sayo ƙanƙara a kula, na tsaya a tsakar gida tsakanin ƙofofin nan biyu ina tuna aikin wata uku da ke narkewa.

Na wanke hannu, na sa rigar aiki a kan kayan da ke jikina, na sa safa biyu, na shiga. Mazaunin kwalaben ya ƙi shiga kula, sai na riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya ta murfi ina dasawa cikin ƙanƙara. Kwalbar shaida tana wani ɗan akwati daban, shi na ɗauke shi ɗungurungum. Kafin la'asar janareto ya tashi, na mayar da komai. Da na bar su a firiza a rufe, da ƙila ba abin da zai same su a 'yan awoyin nan. Gaggawa ce ta yanke mini shawara. Muna da littafi da ake rubuta duk wanda ya shiga ɗakin da abin da ya yi. Ban rubuta ba. Na ce a raina, ai na canza safa, har na manta da zancen.

Bayan mako biyu muka kai ruwan na'ura. Huɗu daga cikin tara suka kama. Shaida ta fito fayau. Na sake, huɗun nan suka sake kamawa. Dakta Luba ta tsaya a bayana tana kallon allon na'ura, sai na ji tana hamdala a hankali. Shekara bakwai tana bin wannan tambaya. A ranar ta rubuta wa abokan bincikenmu, suka ce a aiko musu da rabin ruwan su tantance, suka kuma gayyace ta wani babban taro ta yi bayani. Mahaifinta, tsohon malami, ya sa aka kira ni gida ya yi mini addu'a a gaban baƙinsa.

Ka'ida ita ce a yi sau uku. A karo na uku shaida ta kama.

Kaɗan ta kama, ɗan layi da ƙyar ya ɗaga kai. Ni kaɗai ne a ɗakin. Kwandon shara yana gefen ƙafata, ba kuma wanda ke ƙirga kwalaben shaida. Na riƙe ta a hannu na ɗan lokaci, ba zan ɓoye muku ba. Sai Larabar nan ta faɗo mini a rai. Washegari na shiga ɗakin ciki da auduga, na shafo mariƙin firiza da murafun kwalabe da hannun kula, na kai na'ura. Duk suka kama. Ɗan gwajinmu ne, ni na kwaso shi a kayan jikina na kai shi, ya zauna a kan murafu, duk buɗewar da na yi yana faɗawa ciki.

Da hantsi na sami Dakta Luba a ofis tana shirya takardar taro.

"Dakta, shaida ta kama."

Ta ajiye biro. Ta san ma'anar maganar. "Sau nawa?"

"Sau ɗaya cikin uku."

"Ba zai yiwu na'ura ce ta yi kuskure ba?"

"Zai yiwu. Amma ba ita ba ce." Na gaya mata komai, daga mutuwar janareto har littafin da ban rubuta ba.

Ta dubi takardun da ke gabanta, ta dubi taga. "Ragowar garin fa?"

"Firiza ɗaya suke. Ba zan iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba."

"Wa ya sani?"

"Ni da ke."

Sai ta jawo kwamfutarta. "To bari su ma su sani. Zauna ka faɗa mini yadda zan rubuta, kada in rage wani abu."

Bayan wata guda amsarsu ta zo, ta tabbatar da abin da muka faɗa. Tsohon DNA guntu-guntu yake, bakinsa a zazzage kamar tsohon zane. Namu dogo ne sumul, kamar yau aka yanko shi a kanti. Na mutanen kufai kuwa, ɗan abin da suka gani bai isa a ce akwai ɗa'un ko babu ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Aka rufe ɗakin ciki. Abokan binciken suka yi mana godiya a kan gaskiya, suka karkata aikinsu wata ƙasa. Aka kafa kwamiti, na amsa tambayoyi, aka ba ni takardar gargaɗi aka mayar da ni duba jinin zazzaɓi, aikin da na baro tuntuni. Abokiyar aikina ta dawo daga haihuwa ta tarar an yi mata canjin wuri. Dakta Luba ta janye daga taron, kuma na ji a wani zama wani abokin aikinta ya tambaye ta, cikin raha wai, ko annobarta ta warke. Ba ta taɓa ɗora mini laifi a gaban mutane ba, amma ta yi wata uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na je Gawon Nama wurin Malam Sambo. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a zaure a kan buzu. Ya saurare ni har na gama.

"Ka rubuta a littahi ranar?"

"Ban rubuta ba, Malam."

"To nan na. Shiga ɗakin kuskure na, kowa na yi. Da ka rubuta, da kai da kanka ba ka yarda da huɗun nan ba tun ranar hwarko." Ya lalubo butarsa. "Ka maida ma mutane haƙoransu?"

Ban mayar ba tukuna, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na naɗe kowane haƙori a farin ƙyalle, rabi da rabi, da ragowar garinsa, har da busasshen abin da ya rage a gindin kwalba. Muka tafi ni da Dakta Luba. Liman Gidado ya ƙirga su a kan tabarma, tara cif, ya sa aka buɗe gefen kabarin da suka yi a kan tudu aka sa su. Da aka mayar da ƙasa ya juyo gare ni.

"To, mi yak kashe su?"

Da na ce ba mu sami komai ba, da ban yi ƙarya ba, kuma ba shi da hanyar sanin sauran. Amma ni ya ce yana riƙewa. Na ce masa ba mu sani ba, kuma ni na ɓata aikin da hannuna, na yi masa bayani gwargwadon yadda zai gane.

"Wato kun yanka haƙoran bayin Allah a banza."

"Haka ne, Allah gafarta Malam."

Ya ɗaga hannu ya yi wa mamatan addu'a, muka shafa. Duk zuwanmu yakan raka mu har mota. Ranar bai raka mu ba.

Sai da aka shekara biyu kafin a sake buɗe ɗakin. Da hannuna na wanke shi da bilic daga rufi har ƙasa, sau biyar, ina shafowa ina gwadawa har ya fito fayau. Aka zubar da tsohuwar firiza, aka sa mana sola, aka kori ɗan gwaji zuwa wani gini can bayan masallaci. Muka koma koyon hannu da haƙoran shanu da raƙuma da ake tonowa a tsofaffin juji. Dakta Luba ta koma kundayenta. Ni kuma na fara lissafin ritaya, ina gyara ɗan gidana na Arkilla, na ɗauka ni da haƙorin ɗan Adam mun yi sallama.

Daminar da ta wuce, ina cin abincin rana, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Wani ya ce in riƙe, Liman zai yi magana. Muryarsa ta ƙara tsufa amma na gane ta. Ya ce ruwa ya sake yanka kwazazzabon, ya yi zurfin da bai taɓa yi ba, ya tono wasu mutanen a can ƙasa cikin laka mai sanyi. Ya ce in zo, in taho da ɗiyar nan.

Muka same shi a ƙarƙashin wata tsamiya, an shimfiɗa masa tabarma don ba ya iya sauka kwazazzabon yanzu. Ya ce wasu sun riga mu zuwa daga nesa, da mota biyu da takardu masu hatimi, ya ce musu su jira. Ya hana kowa taɓa wurin. Sharuɗɗansa na da suna nan, bai rage ko ɗaya ba. Muka sa safa muka sauka, muka yi yini biyu, muka hau da haƙora shida, kowanne a jakarsa. Na jera masa su a gabansa ya ƙirga da ido.

Dakta Luba ta durƙusa ta ce, "Baba, ban yi zaton za ka sake nemanmu ba."

"Ni ma ban yi zato ba," in ji shi. "Na yi hushi ƙwarai. Amma na zamna na duba, wanga mutum ya hwaɗa min abin da ba ni iya ganowa da kaina har in mutu. Waɗancan masu mota ban san abin da za su hwaɗa min ba." Ya juyo gare ni. "Haliru, kana iya sake kuskure?"

"Ina iyawa, Allah gafarta Malam."

"To in ka yi, ka zo ka hwaɗa min."

Su ne a ɗakin ciki yanzu, su shida. Ban san ko akwai ɗa'un a cikinsu ba, zafin ƙasarmu yana iya cinye komai ya bar mana kogo wayam. Ranar Litinin za a yanka na farko. Hannuna ya fara rawa tun bara, don haka ni zan tsaya a baya, ɗayanku ne zai riƙe zarton.